Fadar Potala Ta Ƙasar Tibet Da Baƙon Da Ya Je Ganinta

A wannan mako filin namu zai kai mu nesa ƙwarai, can bayan duwatsun Himalaya, zuwa ƙasar Tibet, wadda Larabawan da suka rubuta labarin ƙasashe suke kira Tubbat. Abin da ya sa muka ɗauko wannan magana shi ne, hanyar ƙasar Sin ta zama hanyar mutanenmu. 'Yan kasuwa suna zuwa Guangzhou sarin kaya, ma'aikatan gwamnati kuma ana tura su kwas ko taro a Beijing da wasu biranen. Wanda ya sami sarari a cikinsu yakan so ya ga wuraren tarihi, cikin waɗanda aka fi tallata wa baƙi kuwa har da fadar Potala da ke birnin Lhasa. Duk wanda ya taɓa riƙe takardar kuɗin Sin ta yuwan 50 ya riga ya ga hotonta, domin ita ce a bayan takardar. To, wannan fada gidan sarauta ce, kuma wurin ibada ce na mabiya addinin Buddha, cike da gumaka da kaburbura. Saboda haka ya kamata Musulmi ya san abin da zai tarar tun kafin ya ɗaga ƙafa, ya kuma san iyakar da addininsa ya yi masa.

Birnin Lhasa yana bisa tudu mai tsawon kimanin mita 3,650 daga bakin teku, watau ninki uku na tudun Jos. A irin wannan tsawo iska ba ta da kauri, numfashi ɗaya ba ya ƙosar da huhu kamar yadda yake yi a gida. Baƙo yakan yi fama da ciwon kai da haki da rashin barci a kwanakin farko, shi ya sa ake ba shi shawara ya huta kwana ɗaya ko biyu kafin ya tasam ma matakalan fadar. Mai ciwon zuciya ko hawan jini lalle ne ya ga likita tun a gida. Har wa yau, bizar ƙasar Sin ita kaɗai ba ta shigar da baƙo Tibet. Sai ya sami takardar izni ta musamman, wadda kamfanin yawon buɗe ido ne ke nemar masa, kuma da ɗan jagora zai riƙa yawo. Tun shekarar 2006 jirgin ƙasa yana kaiwa har Lhasa, yana ratsa mashigin Tanggula mai tsawon mita 5,072, a cikin taragon ma ana sakar wa fasinja iskar shaƙa don kada su jigata.

ASALIN FADAR

Kafin mu shiga ciki, bari mu ɗan taɓa abin da mutanen suka yi imani da shi, don kada ganinmu ya zama ganin baƙauye. Addinin Buddha ya samo asali daga wani ɗan sarki da aka haifa a Lumbini, cikin ƙasar Nepal ta yau, kimanin shekara 500 kafin haihuwar Annabi Isa, amincin Allah ya tabbata a gare shi. Koyarwarsa ita ce rayuwa cike take da wahala, tushen wahalar kuma shi ne kwaɗayi. Mabiyansa sun yi imani cewa mai rai in ya mutu ana sake haihuwarsa a wani jikin, haka abin zai yi ta maimaituwa har ya kuɓuta. Ba su da maganar Ubangiji Mahalicci guda ɗaya, ba su da maganar tashin kiyama da hisabi irin wadda muka sani. Mutanen Tibet kuwa sun ƙara da cewa wasu manyan malamansu suna dawowa duniya da gangan don su taimaki jama'a, babbansu shi ne wanda ake kira Dalai Lama. In ya mutu sai a fita neman jaririn da suke ganin shi ne ya dawo. Kalmar "Dalai" ta Mongoliyawa ce, ma'anarta teku, wani sarkinsu mai suna Altan Khan ne ya fara ba da wannan laƙabi a 1578.

Ana cewa Sarki Songtsen Gampo, wanda ya haɗa kan Tibet, shi ya fara gina gida a kan wannan dutse da suke kira Jan Dutse, wajen shekarar 637, watau a zamanin halifancin Sayyidina Umar, Allah Ya yarda da shi. Wannan gini ya rushe, sai ɗakuna biyu ƙanana da ake nuna wa baƙi a ce daga zamaninsa suke. Fadar da ke tsaye yanzu aikin Dalai Lama na biyar ne, wanda ya sami mulkin ƙasar a 1642 da taimakon rundunar Gushri Khan na Mongoliyawa. An sa harsashi a 1645, ya tare a 1649. Wannan sashe shi ne Farar Fada, inda ofisoshin gwamnati da ɗakunan kwanan Dalai Lama suke. Sa'an nan daga 1690 zuwa 1694 aka ɗora Jar Fada a tsakiya, wadda aka keɓe don ibada da kaburbura.

Ginin hawa 13 ne, tsawonsa mita 117, ɗakunansa sun haura 1,000. Da dutse da ƙasa da katako aka yi shi, kaurin bangon daga ƙasa ya kai mita 5, yana raguwa yana karkata ciki yayin da yake tashi sama. Kowace shekara bayan ɗaukewar ruwa mutanen gari sukan fito aikin gayya su yi wa bangon shafe da farar ƙasa wadda aka dama da madara da sukari da zuma. A cikin Jar Fada akwai kaburburan Dalai Lama guda 8. Mafi girma shi ne na Dalai Lama na biyar, tsawonsa ya kusa mita 15, an lulluɓe shi da zinariya fiye da kilo 3,700, ban da duwatsu masu daraja da aka jera a jikinsa. Ɗan kasuwa in ya tsaya gaban wannan kabari ba zai rasa yin lissafi a zuci ba. Amma ya kamata a haɗa lissafin da wani: dubban talakawa ne suka ɗauko duwatsun nan a bayansu, a ƙasar da aikin tilas yake cikin harajin da manomi ke biya, kuma a gindin dutsen, a unguwar Shol, har da kurkuku a cikin gine-ginen hukuma.

MUTUWAR DA AKA ƁOYE

Akwai wani labari game da ginin Jar Fada wanda muke so ma'aikatan gwamnati su saurara da kyau. Dalai Lama na biyar ya mutu a 1682, aiki bai ƙare ba. Wazirinsa, Sangye Gyatso, ya ji tsoron in labari ya fita aikin zai tsaya, Mongoliyawa da Sarkin Sin kuma su sa hannu a mulkin ƙasar. Sai ya sanar cewa shugaba ya shiga halwa mai tsawo. Aka ci gaba da kai abinci ƙofar ɗakinsa, takardu suna fita da hatiminsa, in manyan baƙi sun matsa sai a zaunar da wani dattijo mai kama da shi a ɗaki mai duhu. Haka aka yi kusan shekara 15, har gini ya kammala, kafin asiri ya tonu a wajen 1696.

Wazirin ya sami ginin da yake so, amma ga abin da ya biyo baya. Sarki Kangxi na Sin ya fusata da yaudarar da aka yi masa, bai sake amincewa da wazirin ba. Yaron da aka zaɓa a ɓoye don ya zama Dalai Lama na shida ya girma nesa da fada, da aka kawo shi yana saurayi sai ya ƙi zaman zuhudu, ya fi son waƙa da yawon dare. A 1705 wani sarkin Mongoliyawa mai suna Lhazang Khan ya sa aka kashe wazirin, a 1706 aka tuɓe Dalai Lama na shida aka tasa ƙeyarsa zuwa Sin, shi ya sa ba shi da kabari a Potala. Ba a yi shekara 15 ba bayan haka rundunar Sarkin Sin ta shiga Lhasa a 1720. Babu shakka wazirin mutum ne mai ilimi da ƙwazo, kuma yana ganin alheri yake yi wa ƙasarsa. Wanda duk aka ba amanar hatimi ya riƙa tunawa da shi in zuciya ta raya masa cewa aiki mai kyau ya isa hujjar ɓoye gaskiya.

MASU ZIYARA

Abin da ya fi kama idon baƙo a Lhasa shi ne mutanen da suka zo ibada. Tun da asuba za a gan su suna kewaya fadar, tsofaffi da matasa, kowa da carbi a hannu, wasu suna juya wani ɗan gwangwani mai sanda wanda aka naɗe rubutun addu'a a cikinsa. Suna kewayawa ne ginin yana hannunsu na dama, saɓanin ɗawafi inda Ka'aba take hagun mai yi. Haka suke yi a unguwar Barkhor da ta zagaye ɗakin ibada na Jokhang, wanda aka gina tun ƙarni na 7, wanda kuma a wurinsu ya fi Potala tsarki. Wasu daga ƙauyuka masu nisa suke tasowa, su ɗaura fata a ƙirji, su sa katako a tafin hannu, su miƙe rub da ciki a ƙasa, su tashi su yi taku kaɗan su sake miƙewa, haka har su iso, ko da tafiyar za ta ci watanni. A cikin fadar kuwa za a ga suna zuba man shanun yak, wata irin saniya mai yawan gashi, a cikin fitilun da ke ci gaban gumaka, suna ajiye ƙananan kuɗi. Baƙo yana da lokaci ƙayyadadde a ciki, kuma an hana ɗaukar hoto a ɗakunan ibada.

To, ina matsayin Musulmi a nan? Malamai sun sassaɓa game da shiga wuraren ibadar waɗanda ba Musulmi ba: wasu sun halatta, wasu sun karhanta, musamman inda akwai gumaka da hotuna. Wanda zuciyarsa ba ta natsu ba, ya tsaya a dandalin da ke gaban fadar, daga can ma ana ganinta sarai. Wanda ya shiga don sanin tarihi da ɗaukar izina yana da magabata, domin Albiruni ya yi shekaru yana nazarin addinin mutanen Indiya har ya rubuta littafi a kai wajen 1030, Shaharastani ya yi bayanin mabiya Buddha a littafinsa na addinai da ƙungiyoyi, Ibn Baɗuɗa kuma ya hau dutsen Sarandib a 1344, inda mabiya addinai daban-daban suke ziyara. Abin da babu saɓani a kansa shi ne haramcin shiga cikin ibadar. Kada ya rusuna wa gunki, kada ya kunna fitila ko turare, kada ya ajiye kuɗi a gabansa, kada ya juya gwangwanin addu'a ko da da wasa ne don hoto, kada kuma ya bi ayarin masu kewaye da nufin neman tubarraki. In ɗan jagora ya ce a gwada don sa'a, sai a ce masa an gode.

Akwai iyaka ta biyu wadda mutanenmu suka fi mantawa da ita. Aya ta 108 a Suratul An'am ta hana zagin abin da wasu suke bauta wa, don kada su rama da zagin Allah bisa jahilci. Saboda haka ba a yarda da dariya da nuni da ɗan yatsa ba, ko tsallake mutum yana kwance yana ibadarsa, ko cusa masa kyamara a fuska. Tsohuwar da ta yi wata uku tana jan jiki a kan ƙanƙara, mun tabbata hanyar da ta bi ba ita ce hanya ba, muna kuma roƙa mata shiriya, amma wanda ƙafarsa ke yi masa nauyi zuwa masallacin da ke ƙofar gidansa da asuba ba shi da bakin yi mata ba'a.

MUSULMIN LHASA

Abin da yawancin baƙi ba su sani ba shi ne, a wannan birni da ake ɗauka cibiyar addinin Buddha an yi ƙarnoni ana kiran salla. Fatauci ne ya kai Musulmi can. Tun zamanin Abbasiyawa almiskin Tibet ya yi suna a kasuwannin Bagadaza, Mas'udi ma ya yabe shi a littafinsa. Daga baya fatake daga Kashmir da Ladakh suka zauna a Lhasa, suka auri matan ƙasar, 'ya'yansu suka tashi da harshen Tibet. Ana kiransu Khache, watau mutanen Kashmir. Dalai Lama na biyar, shi dai wanda ya gina Potala, ya ba su fili a bayan gari don masallaci da maƙabarta. Aka bar su su riƙa yanke hukunci tsakaninsu bisa shari'arsu ta hannun kwamitin mutum 5 da suke zaɓa. Aka ɗauke musu dokar hana cin nama a watan da mabiya Buddha suke girmamawa, aka kuma ɗauke musu tilascin cire hula don gaida malaman Buddha a lokacin babban bikinsu na shekara.

Akwai kuma jama'a ta biyu, Musulmin Sin da ake kira Hui, waɗanda babban masallacinsu a unguwar Hebalin aka gina shi a 1716. Da yake mabiya Buddha suna cin nama amma suna ƙyamar yanka, sai fawa ta zama sana'ar waɗannan Musulmi, tare da noman kayan lambu da sayar da abinci. Bayan yarjejeniyar 1684 tsakanin Tibet da Ladakh, duk shekara 3 ayari yakan tashi daga Leh ya kai wa Dalai Lama gaisuwa, da za'afaran da yadi da garin zinariya, ya komo da shayi da ulu. Daga baya gidajen fataken Musulmi ne suka riƙa jagorancin wannan ayari. Har ma a 1939, lokacin da Ma Bufang, gwamnan soja na Qinghai, ya ƙi sakin yaron da aka zaɓa ya zama Dalai Lama na 14 sai an biya shi kuɗi masu yawa, wasu fataken Musulmi masu niyyar zuwa Makka ne suka ba da rancen, bisa alkawarin a biya su a Lhasa, suka kuma yi tafiyar tare da ayarin yaron. Ga Musulmi mai mulki yana tatsar mutane, ga Musulmi fatake an amince da su a kan dukiya mai yawa, duk a cikin labari ɗaya.

Wannan zama ya ɗore kimanin shekara 300, kuma igiya biyu ce ta riƙe shi. Masu ƙasa sun cika alkawarin da suka ɗauka, baƙin kuma sun riƙe amana a ciniki, sun koyi harshen masu masaukinsu, ba su saki addininsu ba. Ɗan kasuwarmu da ke zaune a ƙasar da Musulmi ba su da yawa yana da abin koyi a ɓangare na biyu. Wanda kuwa Allah Ya ba iko a inda Musulmi ne masu rinjaye, ya dubi ɓangare na farko ya tambayi kansa: shin fili da maƙabarta da adalcin da wani sarki mai bautar gumaka ya ba baƙinsa a ƙarni na 17, shi yana ba marasa rinjayen da ke ƙarƙashinsa?

FADA BA SARKI

A 1950 rundunar Kwaminisancin Sin ta shiga gabashin Tibet, a 1951 ta kai Lhasa. A watan Maris na 1959 mutanen gari suka yi bore, Dalai Lama na 14 ya sulale da dare daga fadarsa ta bazara, Norbulingka, ya tsere Indiya, dubban mutanensa suka bi shi. Ya zauna a Dharamsala. A cikin wannan rikici aka ƙone masallacin Hebalin, daga baya aka sake gina shi. A 1960 ɗaruruwan Musulmin Khache suka kafa hujja da asalinsu na Kashmir, aka bar su suka ƙaura zuwa Indiya, da yawansu suka zauna a Srinagar, wasu a Kalimpong da Darjeeling. A zamanin juyin al'adu na Sin, daga 1966 zuwa 1976, an lalata wuraren ibada masu yawa a Tibet, amma Potala ta tsira, ana cewa da umurnin Firayim Minista Zhou Enlai. An yi mata babban gyara daga 1989 zuwa 1994, a shekarar da aka gama kuma hukumar UNESCO ta sa ta cikin kayan tarihin duniya. A tarzomar Maris 2008 an ƙone shagunan 'yan ƙabilar Han da na Hui a Lhasa, abin da ya nuna cewa in siyasa ta dagule maƙwabtakar shekaru ma takan girgiza.

Gwamnatin Sin tana cewa ta 'yantar da talakawan Tibet daga bautar masu filaye, ta kawo hanyoyi da makarantu. 'Yan Tibet da ke gudun hijira suna cewa mamaya ce, kuma ana danne harshensu da addininsu. Tun 2007 dokar Sin ta ce ba za a amince da dawowar wani babban malami ba sai da yardar hukuma, shi kuwa Dalai Lama ya ce wannan hurumin mutanensa ne. Baƙo ya kiyaye bakinsa a kan waɗannan al'amura yana can, kada ya riƙe hoton Dalai Lama, kada kuma ya ja ɗan jagora cikin hirar siyasa, domin shi zai hau jirgi ya tafi, ɗan jagoran ne zai zauna da abin da ya biyo baya.

Sai kuma 'yan abubuwan da za su amfani mai salla. Alƙibla a Lhasa yamma take, don haka wanda ya saba da fuskantar gabas ya lura. Ƙasar Sin duka agogo ɗaya take bi, na Beijing, alhali Lhasa tana can yamma da nisa, saboda haka rana ba ta yin zawali sai wajen ƙarfe biyu na agogo. A dubi rana, ko a tambaya a masallaci. Masallacin Hebalin ba shi da nisa da Barkhor, ana zuwa da ƙafa, a kewayensa kuma akwai mahauta da gidajen abincin halal na 'yan Hui. Wanda ya hau matakalan Potala ya ga zinariyar da aka lulluɓe matattu da ita, muna ba shi shawara kada ya bar garin sai ya je can ya yi salla cikin jam'i, ya gaisa da 'yan'uwansa, ya nemi a kai shi tsohuwar maƙabartar Khache ya yi wa fataken da ke kwance a can addu'a.

Allah Ya tsare mana imaninmu a gida da kuma a tafiya, Ya kai matafiyanmu lafiya Ya komo da su lafiya. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum.